Ko a Tsakiyar Teku, Zaman Banza Ba Hutu Ba Ne

Wata Asabar bayan la'asar muna zaune a ƙofar gidan wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin makaranta da ya ajiye alli shekara biyu ke nan. An shimfiɗa tabarma, hira ta yi nisa a kan tsadar shinkafa, sai ga ɗan ƙanensa ya kafe babur, ya durƙusa ya gaishe mu. Bai gama zama ba ya zaro waya ya miƙa wa dattijon.

"Baffa, dubi inda ake cin duniya da tsinke. Jirgin ruwa ne, wata tara suka yi a cikinsa suna zaga duniya. Ba girki, ba wanki, ba ɗauke wuta, ba layin mai. Wallahi in Allah ya buɗa mini haka zan yi, in kwanta kawai in huta."

Dattijon ya gyara zaman tabarau, ya daɗe yana kallon fararen benaye da teburan abinci da shuɗin ruwa iya ganinka. Da ya mayar da wayar sai ya ce, "Na ga ruwa, na ga abinci. Amma ɗan nan, da safe in sun tashi, me suke yi?"

Saurayin ya yi dariya ya ce, "Ai daɗin ke nan, Baffa. Ba sa yin komai."

Dattijon ya yi shiru ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ni shekara biyu ke nan ba na yin komai, har yau ban ga daɗinsa ba."

Maganar nan ta bi ni har gida. Kalmar da yaron ya faɗa ba tasa ba ce shi kaɗai, tamu ce duka. Ɗan kasuwa na faɗinta, ma'aikacin gwamnati na faɗinta, direban tirela na faɗinta: in na samu, zan kwanta in huta. Mun ɗauki hutu a matsayin ranar da za a ɗauke mana kowane nauyi mu miƙe ƙafa. To ga wurin da aka gwada wannan mafarki da gaske, aka zuba masa kuɗi, aka ɗauke wa mutane girki da shara da wanki na tsawon watanni. Ya kamata mu leƙa mu ga abin da ya biyo baya, don a ganina amsar tambayar dattijon nan ta fi hotunan wayar amfani a gare mu.

1. Gari guda ne yake tafiya a kan ruwa

Jirgin da saurayin ya nuna sunansa Serenade of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean. Ya tashi daga birnin Miami na Amurka ranar 10 ga Disamba 2023, ya kwana 274 a hanya, ya leƙa ƙasashe fiye da 60, ya dangana har da yankin ƙanƙara na Antaktika, sannan ya dawo Miami a watan Satumban 2024. Ɗaki mafi araha ya haura dala dubu 50 a kan mutum ɗaya. Abin da ya sa labarinsa ya iso har wayoyin samarinmu shi ne wasu fasinjojin sun riƙa saka bidiyon rayuwarsu a TikTok kusan kullum, jama'a suna bi kamar shirin fim mai dogon zango.

Al'adar kanta ta daɗe. Tun a watan Nuwamban 1922 jirgin Laconia na kamfanin Cunard ya tashi daga New York da masu yawon buɗe ido, ya zaga duniya cikin kwana 130. Mu ma ba baƙin doguwar tafiyar ruwa ba ne. Ɗalibai da ma'aikatanmu na farko da suka je Ingila da yawansu a jiragen Elder Dempster suka tafi, irin su Aureol da ya yi ta zirga-zirga daga Legas har zuwa 1974, tafiyar kusan mako biyu. Kakanninmu alhazai kuwa, bayan sun keta Chadi da Sudan, a jirgin ruwa suke tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Sai dai su akwai inda suka nufa, jirgi kai su kawai yake yi. Masu yawon yau zaman cikin jirgin suka saya.

Wanda bai taɓa ganin irin waɗannan jirage ba zai yi wuya ya kwatanta girmansu. Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345 ne, yana ɗaukar fasinja wajen 2,600 da ma'aikata fiye da 1,200. Icon of the Seas da ya fito a 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600. A cikin irin wannan jirgi akwai asibiti da likita, akwai gidan burodi, akwai injinan da ke tace ruwan gishiri ya zama na sha, akwai manyan janaretoci da ke ba da wuta dare da rana, har da ɗakin ajiye gawa, domin ajali ba ya jiran a iso tasha. Kyaftin shi ne mai gari, maganarsa ita ce ta ƙarshe. Duk abin da gari ke buƙata an tanada, ban da abu ɗaya: dalilin da zai sa mutum ya tashi daga gado.

2. Takardar da ake ajiyewa a ɗaki kowane dare

Masu jiragen sun san da wannan giɓi tun da daɗewa, shi ya sa kowane dare mai gyaran ɗaki yake ajiye wa fasinja takarda mai ɗauke da jadawalin gobe, awa bayan awa. A yanzu wasu kamfanonin sun mayar da ita cikin manhajar waya, amma aikinta bai canza ba.

Ɗauki ranar da jirgi ba zai tsaya ko'ina ba, ruwa gaba ruwa baya. Da sassafe za ka ga masu tattaki suna zaga barandar da ta kewaye jirgin. A Queen Mary 2 zagaye uku ya ɗan haura mil ɗaya, kuma akwai masu ƙirga zagayensu kowace safiya kamar mai ƙirga bashi. Bayan karin kumallo sai lacca: wani tsohon jakada ko masanin taurari ko masanin tarihi ya yi bayani a kan ƙasar da za a isa jibi. Daga nan ajujuwa su buɗe, na zane da fenti, na rawa, na harshen Sifaniyanci, na wasan kati mai suna birij, na saƙa da ɗinki. Da rana ta take tsaka kyaftin zai yi magana ta lasifika, ya faɗi inda ake, nisan da aka ci tun jiya, zurfin ruwan da ke ƙasa da yadda iska za ta kasance. Bayan azahar akwai kacici-kacici tsakanin rukuni-rukuni, akwai atisayen ƙungiyar waƙa ta fasinjoji da za ta fito gaban jama'a kafin ƙarshen zango. A jiragen Cunard ƙarfe uku da rabi lokacin shayi ne, masu hidima sanye da farar safar hannu. Mai son shiru yana da ɗakin karatu mai dubban littattafai. Da dare a ci abinci a teburin da aka saba, wasu darare da kwat da lakataye, sannan a tafi kallon wasa.

Duba wannan jerin da kyau ka ga me ya yi kama da shi. Makaranta ce. Akwai lokacin shiga, akwai darasi, akwai malami, akwai abokan aji, akwai ranar nuna abin da aka koya. Mutanen da suka biya miliyoyi don su tsere wa ƙararrawa, da ƙafarsu suke komawa su nemi wata ƙararrawar.

Har agogo ma ba ya zama wuri ɗaya. Jirgin da ya tashi daga Southampton ta Ingila zuwa New York kwana bakwai yake yi, kuma a yawancin dararen ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, yini ya zama awa 25. In gabas aka nufa sai ya koma awa 23. A tsakiyar Tekun Pasifik kuwa akwai layin da in aka tsallake shi ana fuskantar yamma, kwana guda cur yake ɓacewa daga kalanda, ka kwanta Talata ka tashi Alhamis. A irin wannan hali wanda ba shi da abin yi a lokaci sananne, cikin 'yan kwanaki zai daina sanin ranar da ake ciki.

Nan ne na ga wata ni'ima da muke da ita ba mu cika lura ba. Musulmin da ya shiga irin wannan tafiya ya zo da jadawalinsa tun daga gida, salloli biyar sun riga sun raba masa yini. Gaskiya ne akwai ɗan aiki: alƙibla na sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata, lokutan salla na matsawa kullum, kuma azumin 2024 ya riski jirgin Serenade yana tsakiyar tafiyarsa. Amma wannan ɗan aikin shi ne ke hana kwanaki narkewa su zama abu ɗaya.

3. Lokacin da zuma ta fara gundura

Makon farko kowa na cikin ɗoki. A ci wannan, a ɗanɗana wancan, a ɗauki hoton faɗuwar rana. Amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Abincin da ya burge ka ranar farko, in ya dawo karo na goma sai ka tsinci kanka kana marmarin abin da ka saba ci a gida. Faɗuwar rana ta hamsin ba ta tsayar da kowa. Ɗakin da ya yi kyau a hoto sai ka gane bai fi shago girma ba, kuma mafi arahar ɗakunan ko taga ba su da ita.

A nan fasinjoji suke rabuwa gida biyu. Akwai waɗanda suka kama wani abu suka riƙe: wannan ta ƙudura sai ta iya zane kafin a dawo, wancan yana rubuta tarihin danginsa, wasu sun haɗu suna saƙa barguna don rabawa a tashoshin da za a tsaya, wasu kuma aikinsu na ofis suke ci gaba da yi ta intanet, tunda yanzu jiragen na samun sadarwa ta tauraron ɗan Adam. Akwai wani Ba'amurke da jaridu suka sha ba da labarinsa, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana zaune a jiragen Royal Caribbean. Ko shi, da ake kawo shi misalin wanda ya more, kowace safiyar aiki yana buɗe kwamfutarsa a wani lungu da ya keɓe ya yi sa'o'i yana kula da harkokin kasuwancinsa.

Sai kuma gida na biyu, waɗanda suka zo da niyyar saurayin unguwarmu, su kwanta kawai. Su ne teburin abinci ke cinyewa, su ne mashaya da ɗakin caca ke jira. Kada mu manta kamfani ba don Allah yake yi ba. Kaso mai tsoka na ribarsa daga abin da fasinja ya kashe bayan ya shiga jirgi yake fitowa, giya da caca da shaguna da yawon da ake shiryawa a tasha. Ba a taɓa kuɗi da hannu, kati ɗaya ne yake buɗe ɗaki kuma shi ake miƙawa a saya, sai ranar sauka lissafi ya fito. Mutumin da ba shi da abin yi shi ne kasuwar da ta fi kowace ci. Saudiyya ta fito da nata jirgin yawon mai suna Aroya a ƙarshen 2024, ba giya ba caca, amma ko a can tambayar dattijo tana nan daram: in an tashi da safe, sai me?

4. Zo mu zauna, zo mu saɓa

Abu na biyu da doguwar tafiya ke tonowa shi ne mutum ba ya iya zama ba maƙwabci. A tafiyar mako guda kana iya sharewa ka wuce kowa. A tafiyar wata huɗu ko tara, fuskokin nan su ne za ka gani a lif, a wurin cin abinci, a layin sauka. Cikin ɗan lokaci jirgi ya zama unguwa. Akwai mai kujerar da ba a zama masa, akwai teburin da ya zama majalisa, akwai wadda kowa ke kai wa kuka. Waɗanda suka saba irin wannan tafiya sun san cewa labarin jirgi a ɗakin wanki ake jinsa, inda fasinjoji ke jiran inji ya gama juya kayansu, kamar dai yadda labarin gari ke tashi a bakin rijiya.

Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ana faɗa a kan kujerar bakin wurin ninƙaya, a kan wanda ya cire wa wani wanki daga inji, a kan hayaniyar ɗakin kusa. Bambancin aji ma yana bin mutane har cikin teku. A jiragen Cunard darajar ɗakinka ita ke nuna ɗakin cin abincin da za ka shiga. Tafiyar Serenade kuwa an sayar da ita zango huɗu, don haka akwai 'yan gari da suka biya ta gaba ɗaya, akwai baƙi masu shigowa su yi zango ɗaya su sauka, kuma 'yan garin ba sa rasa nuna cewa sun riga kowa zuwa.

Amma a wannan unguwar dai ake samun wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa in ba a gan ka wurin karin kumallo ba. Yawancin masu doguwar tafiya tsofaffi ne, don su ke da lokaci da abin biya. Da yawa mazansu ko matansu sun rasu, 'ya'ya sun watse, a gida sai su yini ba wanda ya ce musu sannu. Na yi imani wani ɓangare na kuɗin da suke zubawa kuɗin sayen gaisuwa ne, kuɗin samun wanda zai san sunansu ya tambayi kwanansu. Abin da dattijon unguwarmu ke samu kyauta a kan tabarmarsa kowace la'asar, shi wasu ke tsallaka teku suna nema.

5. Waɗanda ke ƙarƙashin bene

Ba zan yi adalci ba in na tsaya a benayen sama. Duk farin zanin gadon da aka gani a bidiyo wani ne ya wanke shi ya goge. A jirgi irin Queen Mary 2 kusan kowane fasinja biyu akwai ma'aikaci ɗaya. Mafi yawansu daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke. A can ƙasa, inda fasinja ba ya zuwa, akwai wani dogon lungu da ya ratsa jirgin daga goshi zuwa wutsiya, wanda ma'aikata ke kira I-95, sunan wata babbar hanyar mota ta gabashin Amurka. Ta nan ake tura buhunan fulawa da kwandunan wanki da shara, dare da rana. Ɗakunansu ƙanana ne, galibi mutum biyu a gado mai hawa biyu, ba taga.

Mai goge ɗaki ko mai kai abinci yakan sa hannu a kwangilar wata shida zuwa tara, kuma a tsawon wannan lokaci babu ranar hutu cikakkiya, sai dai 'yan sa'o'i. Yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan teku ta 2006 ta ce a ba su hutun aƙalla awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako. Yi lissafi ka gani: doka ta bar ƙofar aikin da ya kai awa 91 a mako. Wani ɓangare na abin da suke samu daga tukuicin da ake ɗora wa fasinja kullum yake fitowa. Jiragen kuma da yawa ba a ƙasar masu su aka yi musu rajista ba. Serenade tutar Bahamas yake ɗauke da ita, Queen Mary 2 kuma a Bamuda aka yi masa rajista, kuma dokokin haraji da na ƙwadago suna cikin abin da ke jan kamfanoni zuwa irin waɗannan wurare.

Ban ce aikin bauta ba ne. Albashin ya fi abin da yawancinsu za su samu a gida, da shi ake gina gidaje ana biyan kuɗin makaranta a Manila da Bali da Goa. Amma uban da ya bar jariri ya dawo ya tarar yana tafiya ya biya wani farashi da ba a rubuta a tikitin kowa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya ce yana son ya kwanta ba ya yin komai, ya sani cewa kwanciyar tasa a bayan wani take. Wannan gaskiya ce a jirgi, gaskiya ce kuma a gidajenmu, inda maigida ke hutawa uwargida da 'yar aiki suna tsaye tun asuba.

6. Teku ba ta san mai kuɗi ba

Kafin jirgi ya bar tasha ana tara kowa a nuna masa rigar ceto da inda zai tsaya in jiniya ta yi kuka. An ƙara tsaurara wannan ƙa'ida bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, mutum 32 suka mutu. Ko ba haɗari, igiyar ruwa kaɗai ta isa. A mashigin Drake, tsakanin ƙarshen Kudancin Amurka da Antaktika, manyan jirage ma rawa suke yi, jiri da amai su kwantar da attajiri kamar yadda za su kwantar da mai wanke masa kwano.

Cuta kuma tana son cunkoso. Shi ya sa a ƙofar ɗakin cin abinci ake tsayar da ma'aikaci yana tuna wa mutane wanke hannu, saboda ƙwayar cutar amai da gudawa da ke saurin zaga jirgi. A watan Fabrairun 2020 an killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona. Ɗakunan da aka biya don shaƙatawa suka koma kurkuku, kuma a wannan shekara dubban ma'aikatan jirage sun yi watanni a kan ruwa ba hanyar komawa gida.

Shiri ma yakan rushe. Hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya sun sa jirage da dama a 2024, har da Serenade, suka fasa bi ta Suwez suka zagayo ta kudancin Afirka. A Nuwamban 2023 an soke wata tafiyar shekara uku da kamfanin Life at Sea ya tallata, bayan wasu sun riga sun sayar da gidajensu. Fasinjojin jirgin Villa Vie Odyssey kuwa wata huɗu suka yi a Belfast a 2024 suna jiran a gama gyara. Kuɗi na iya saya maka ɗaki mai baranda, amma gobe ta Allah ce a kan ruwa kamar yadda take a tudu.

Ko ranar tsayawa a tasha, wadda ita ce kwalliyar tafiyar, a san iyakarta. Jirgi yakan iso da safe ya tashi da yamma, kuma ba ya jiran wanda ya makara. Mutum ya sauka, a zuba shi a bas, ya ga masallaci ko coci ko kasuwa, ya sayi tsaraba, ya dawo. Tafiya mabuɗin ilmi ce, haka ne, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya halarci laccar jiya ya karanta wani abu shi ke dawowa da ilmi, saura su dawo da hotuna. Masu masaukin ma ba kullum suke murna ba. A 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venis, bayan shekaru mazauna birnin suna kuka da cunkoso da lahanin da jiragen ke yi.

7. Abin da ya rage mana

Yawancinmu ba za mu taɓa taka irin wannan jirgi ba, kuma ban rubuta wannan don in zuga kowa ya tara dala ba. Ban kuma rubuta don in zagi masu zuwa ba. Wanda ya yi shekara 40 yana aiki ya ga dama ya kashe halak ɗinsa wajen ganin ƙasar Allah, bai yi laifi ba. Abin da nake so mu ɗauka shi ne sakamakon gwajin. An ɗauke wa mutane kowace wahala, sai ga shi waɗanda suka ji daɗi su ne suka nemo wa kansu lokacin tashi, abin koyo, maƙwabta da wani da za su amfana. Gajiyayye yana buƙatar ya kwanta, wannan haƙƙin jiki ne. Amma kwanciya magani ce, ana shan ta gwargwado, ba a mayar da ita tuwo.

Muna da namu dogon jirgin, sunansa ritaya. Ma'aikaci yakan yi shekara 35 yana lissafin giratuti da fansho, bai taɓa zama ya lissafa yadda zai cika awa 24 ba. Ranar da ya miƙa makullin ofis sai ya tarar da teku a gabansa, ba takarda a ɗaki, ba kyaftin da zai gaya masa inda ake. Mun sha ganin dattijo mai kuzari ya bar aiki, cikin shekara biyu ya rankwafe, ba don yunwa ba. Manomi da maƙeri da malamin allo ba su cika faɗa wa wannan rami ba, don aikinsu raguwa yake yi a hankali, ba a yanke shi rana ɗaya.

Saboda haka shawarata ga mai shirin ajiye aiki: tun da saura shekara biyar ka fara rubuta taka takardar. Gona ko 'yan tumaki, karatun da ka daɗe kana ɗagawa, kwamitin masallaci ko na makarantar unguwa, sulhunta masu rigima, koya wa matasa abin da ka iya. Ga 'ya'ya kuma, ku daina ce wa mahaifinku "Baba, ka zauna kawai, mu za mu yi komai" kuna ganin gata ne. Ku ɗauke masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, ku bar masa wanda zai sa a riƙa nemansa. Ga samari masu mafarkin kwanciya, ku nemi arziki don ku samu zaɓin aikin da kuke so, kuma in kun samu ku tuna da wanda ke tsaye don ku zauna.

Bayan mako guda na koma ƙofar gidan dattijon, na ce, "Malam, na samo amsar tambayarka." Na zayyana masa tattakin safe da lacca da aji da ƙungiyar waƙa. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai.

"Ashe makaranta suka koma," in ji shi. Ya ɗan yi shiru yana kallon yaran da ke buga ƙwallo a bakin layi, sannan ya juyo gare ni. "Yaran nan naka biyu, aji nawa suke? Gobe bayan la'asar ka turo mini su da littafin lissafi. Ka gaya wa maƙwabta ma, tabarmar tana da faɗi."